Ki Ja Baya

Tun da aka kai maigidana makwancinsa ban yi kuka ba. Mutane suna ta yaba dangana ta. Ni dai na san babu komai a cikina, abinci ma sai an tuna mini.

Sana'arsa rubuta allunan shaguna ce, amma akwai wani zane da ya yi wa kansa, wai kogi. Ya rataye shi a lungun da ke tsakanin ɗakinmu da banɗaki, inda mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya karkace. Kullum na gilma, dabbare-dabbaren shuɗi da rawaya nake gani, kamar tsumman da yake goge burushi.

"Ki ja baya, za ki gani," haka yake cewa.

"In ja baya zuwa ina? In shige bango?"

Sai ya yi dariya, ni kuma in wuce da bokitina.

Ranar da zan koma wurin yayata, inda ɗaki ɗaya za a ba ni, aka kira mai sayen tsofaffin kaya. Ya juya zanen, ya ƙwanƙwasa katakon.

"Baba, firam ɗin nan na katako nake so. Ƙyallen kam yanke shi zan yi."

"Ɗauka," na ce. Ko a jikina.

Ya ɗaure shi a bayan kekensa, ya fara turawa. Ina tsaye a ƙofa, don ban san me zan shiga ciki in yi ba. Yana wuce shagon tela sai dabbare-dabbaren suka kwanta, suka zama ruwa. Ga hasken hantsi yana rawa a kansa, ga kwalekwale can tsakiya. Jan ɗigon nan da na sha cewa fenti ne ya ɗiga, ashe ɗankwali ne. Mace ce a bakin gaɓa, ta riƙe ƙugu da hannu ɗaya, irin tsayuwar da nake yi idan zan yi masa faɗa.

"Malam," na ce. Muryar ma kamar ta aro. "Na fasa."

Ya tsaya, ya kama igiyar zai kwance ya kawo mini.

"A'a, kada ka matso da shi. Don Allah tsaya nan inda kake."