Jinin Inna

Kwalin ya iso Birnin Gwari ranar Talata, cikin kula mai ƙanƙara, a motar da ta biyo ayarin sojoji daga Kaduna. David, abokin aikina a ɗakin gwajin jini na asibitinmu, shi ya rungumo shi kamar jariri, yana ta yi wa direba faɗa. Ni kuwa na riga na san abin da zan yi da shi.

Masu bincike ne daga Zariya suka aiko, suna so a san iya inda korona ta ratsa ƙauyukanmu a shekarar da ta gabata. A cikin kwalin akwai farantan roba, kowanne da ƙananan ramuka casa'in da shida. A gindin kowane rami an shafa wani furotin da aka haɗa a ɗakin bincike, kwafin wanda ke jikin ƙwayoyin halittar hancinmu da huhunmu. Shi ne ƙofar da cutar ke kamawa da ƙayarta ta shiga jiki.

David ya ɗaga faranti ɗaya yana hange. "Malama Juwairiyya, kin ga ikon Allah? Ga ƙofar jikin mutum a faranti, amma babu mutumin."

Aikin ba wuya. A gauraya ruwan jinin mutum da guntun ƙayar cutar, shi ma haɗin ɗakin bincike ne, ba ya sa ciwo. A zuba a rami, a jira, a wanke, a ɗiga ruwan launi. Wanda bai taɓa haɗuwa da cutar ba, ƙayar za ta wuce ta manne wa ƙofar, ramin ya yi shuɗi. Wanda ya taɓa kamuwa, garkuwar da ke jininsa za ta tare ƙayar, ramin ya zauna fari kamar ruwa.

A can ƙasan firizarmu mai sola akwai wata 'yar kwalba da ba ta cikin jerin mutanen Zariya. Ba sunan mutum a jikinta, sunan ƙauyenmu Kusasu kawai aka rubuta. Jinin mahaifiyata ne.

Ni 'yar fari ce, kuma Inna ta riƙe kunyar 'yar fari kamar ita aka ba ajiyarta a duk ƙasar Birnin Gwari. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ni ce "waccan", ni ce "'yar Goggo", don Goggo Huseina, yayar mahaifina, ita ta goya ni a gida ɗaya, ɗakinta na kallon na Inna. Ranar da na kawo takardar gama makaranta mata suna ta guɗa, Inna ta juya ta ci gaba da tuƙa tuwo. Ana cewa al'ada ce, na sani. Amma na ji haushinta shekara da shekaru, ba zan ɓoye ba.

Gab da azumin waccan shekarar na dawo daga kwas a Kaduna, na wuce Kusasu kafin a rufe hanyoyi. Kwana biyu zazzaɓi ya kayar da ni. Aka buɗe tukunyar miya a gabana ban ji ƙamshin daddawa ba, sai na gane korona ce. Na shige ɗaki na saki labule, na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Goggo, kada ki shigo! Abin nan ta numfashi ake ɗauka, kuma tsofaffi yake kashewa. A riƙa ajiye min abinci a bakin ƙofa."

Goggo nake jiye wa tsoro, da ƙannena. Inna ko a raina ban kawo ta ba. Matar da tun da aka yaye ni ba ta taka ɗakin da nake ba, me zan gargaɗe ta a kai? Da duk karatuna, nan wautata ta tsaya.

Da safe labule ya ɗaga, sai ga Inna da kwanon koko. Goggo ta biyo ta a guje, Inna ta juya ta dafa ƙofa hannu biyu, ta cika ta.

"Ba mai shiga," ta ce.

"Laraba, yau kuma kunyar ina ta tafi? Matsa in ga 'yata," in ji Goggo.

"Yaya, ƙirjinki ba lafiya gare shi ba, yaran nan kuma ƙanana ne. Ba mai shiga."

Kwana tara tana jinyata. Ta goge min jiki, ta ɗura min koko da ludayi, duk fuskarta na kallon bango. Na roƙe ta ta fita, na yi kuka, har baƙar magana na faɗa mata. Ko tari ba ta yi ba, balle ta amsa. Tarin sai bayan na miƙe ya zo.

A makonnin nan 'yan bindiga suna tare hanyar dajin, ba direban da zai ɗauki mara lafiya zuwa gari. Ranar da ta cika sati biyu a kwance na ɗebi jininta da sirinjin da ke jakata, na ba wani mai babur da ya san hanyar gonaki ya kai wa David. Ya duba maleriya, ya duba taifot, bai ga komai ba, ya sa ragowar a firiza. Bayan kwana biyu ta rasu. Hancina ya buɗe a wurin wankan gawa, abin da na fara shaƙa bayan wata guda shi ne kafur.

Kowa ya ce ajali ne. Na yarda da ajali, amma ina so in san ko ni na ɗauko shi a mota na kai mata. Shekara guda ke nan, duk lokacin da na buɗe firizar nan sai in ji tarinta a bayana, busasshe, sau biyu, yadda take yi tana toshe baki da gefen zane don kada in ji.

Ranar Alhamis bayan azahar muka jera faranti na ƙarshe. Rami ɗaya ya rage a kusurwa. Na ciro kwalbar na riƙe a tafin hannu har ta narke. David ya dube ni, ya dubi rubutunsa a jikinta.

"Malama, ki bar wannan. Mama ta huta."

"Ita ta huta, ni ban huta ba. In ramin ya yi shuɗi, ba cutata ba ce ta kashe ta."

"In bai yi ba fa?"

Na jawo farantin gabana. Na gauraya, na zuba, muka zauna jira. Fanka na juyawa, wata mata na kiran ɗanta a tsakar asibiti, tana ta maimaita sunansa. Na wanke farantin, na bi ramukan da ruwan launi ɗaya bayan ɗaya.

Shuɗi ya fara tasowa. Ramin da ke sama da nata ya yi, na gefensa ya yi, layin nan kusan duk ya rine. Na kafa wa na kusurwa ido ina roƙon Allah a zuci, ina cewa ko kaɗan ne ya canza. Na ba shi minti biyar bayan lokaci ya cika, na ƙara biyar. Yana nan fari tas.

Ni ce ke nan. Na daɗe da sani, yau dai na gani da idona.

David ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, ya ƙura wa farantin ido. Can ya nuna ramin da bakin biro, muryarsa ƙasa ƙasa.

"Ban ga garkuwa mai ƙarfin wannan ba a duk farantan nan. Ko ƙaya ɗaya ba ta wuce ba."

Na sake duban ɗigon nan. Shekara guda Inna tana ƙarƙashin ƙasa a Kusasu, an kawo ƙofar da ba ta kowa ba daga wata duniya an ajiye a gabanta, jininta ya tashi ya tsaya a bakinta. Na ji ta sarai a bayana, wannan karon ba tari ba ne.

Ba mai shiga.