Shagon da Ke Tsallaken Titi

Ɗalibai ne suka laƙaba masa suna Malam A-ce, sunan kuwa ya bi shi har ɗakin malamai, har mai gadin makaranta da shi yake gaishe shi. Laifinsa ne, domin tun da ya fara koyar da darasin kasuwanci a sakandaren nan bai taɓa buɗe baki a gaban allo ba sai da "A ce kuna da shago."

Ajinsa a saman bene yake, darasinsa kuwa kullum shi ne na ƙarshe, lokacin da ciki ya fara ƙugi, fanka tana juyi kamar an yi mata dole. Wani malamin da sai ya yi ta faɗa da masu gyangyaɗi. Shi kuwa cewa yake, tunda barcin kuke ji, ku rufe idon gaba ɗaya mu yi amfani da shi. Amma kafin su rufe sai ya nuna musu taga.

A tsallaken titi, tsakanin mai aski da wani tsoho mai yankan makulli, akwai wani shago a rufe. Ƙofarsa ta ƙarfe ce, irin wadda ake naɗewa sama, koren fentinta duk ya ɓare, ga wani ƙaton kwaɗo da tsatsa ta cinye. Babu wanda ya tuna ranar da aka gan shi a buɗe. Wannan shago shi Malam yake ba kowane sabon aji kyauta a farkon shekara.

"A ce naku ne," in ji shi, da muryar nan tasa mai sanyi. "Ga makulli na ba ku. Ku ɗaga ƙofar. Me kuka gani?"

Sai ka ji aji ya yi tsit, sannan a hankali kaya su fara shigowa. Wata shekarar littattafai aka zuba, 'yan ajin suka dage sai an ajiye dogon benci don wanda ba shi da halin saye ya zauna ya karanta. Wata shekarar takalma ne, da madubi a ƙasa daidai ƙafa. An yi wasu da suka kwashe mako guda suna gardama kan fenti, suka tsaya a kan shuɗi mai haske. Wasu kuma suka rataya 'yar ƙararrawa a bakin ƙofa, wai don mai saye ya ji an san da zuwansa. A cikin shagon nan yara suke koyon jari da riba, da bambancin abin da mutum yake buƙata da abin da ransa kawai yake so, ba su ma san karatu suke yi ba. Gaskiya dai a faɗe ta, malami ne na ƙwarai. In yara sun buɗe ido, shi sai ya ɗan jima bai buɗe nasa ba.

A gida kuwa akwai sana'a ta gaske, wadda ba a rufe mata ido. Matarsa labule take ɗinkawa, da zanen gado da rigunan matasai, kuma a falo take yi don babu wani wuri. Kafin ka zauna a gidan sai ka ɗaga labulen wani daga kan kujera. Ƙofar ɗaki ma ta zama marataya, baƙo in ya shigo sai ya yi ta kauce wa allura. Da yamma Malam yakan ja kujera kusa da keken ɗinkinta yana ba ta labarin shagon bana, ita tana taka keke tana cewa "uhm". A zatonsa ƙarar keken ce take cinye rabin maganar.

Tun yaransu suna ƙanana take roƙon ya bar ta ta kama shago. Shi kuwa mutumin da ya san duk hanyoyin da kasuwanci yake bi ya mutu, amsarsa ɗaya ce: "A bari tukuna." An bari har yaran suka girma suka watse, an bari har furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta.

Ran nan ya dawo ya tarar keken a tsaye, ita kuma ta naɗe hannu tana jiransa.

"Malam, na je na ga tsohon nan mai makulli. Ashe shagon da ke jikin nasa, nasa ne."

Malam ya dube ta. "Wane shago?"

"Wanda kake kallo kullum. Wani mai sayar da wayoyi yana nema, amma tsohon ya ce ya fi so ya ba ni, don labulen da ke gidan 'yarsa ni na ɗinka. Abu ɗaya ya ce: a samu mai aikin albashi ya zo da ƙafarsa ya tsaya mini, kafin makon nan ya ƙare. In ba a zo ba, na mai wayoyi ne."

"Uwargida, wannan ai ba abin gaggawa ba ne. A bari..."

"Kada ka ƙarasa." Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauki allura da zare daga kan keken ta miƙa su wajen hasken taga, ta lasa bakin zaren, ta kai, ya wuce ta gefe. Ta sake kaiwa, ya sake wucewa. "Ka gani? Da, ko ina hira nake zura shi. Yanzu sai na kira 'yar maƙwabta. Ni zan iya jiranka, Malam, na saba. Idona ne ba zai jira ba. Ina so in ga labulena a rataye a wurin da aka yi don su, tun ina iya bambance launinsu."

Tsoro yake ji, wannan gaskiya ne, tsoron haya da tsoron ranar da za a wuni babu mai shigowa. Amma a ƙarƙashin tsoron akwai wani abu da ko kansa bai so ya faɗa wa ba. Kishin shagon yake yi. Muddin ƙofar nan tana rufe, shagon komai ne: littattafai ne, takalma ne, duk abin da aji ya ga dama. Ranar da aka ɗaga ta, ya zama abu ɗaya tak, shi kuma ya rasa wurin da yake zuwa in ya rufe ido.

Kwanaki suka yi ta tafiya, shi bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ita ma ba ta sake tayar da zancen ba, sai dai keken ya rage surutu. A ranar ƙarshe ta makon, darasin da ya faɗo a manhaja shi ne haɗarin da ke cikin kasuwanci. Yana hawa bene wata dabara ta zo masa, har ya ji daɗin kansa. Zai kai wa ajin maganar, su zayyano masa haɗurran, in ya koma gida ya ce ko yara ma sun gano.

"A ce," ya fara, "akwai wata mata mai ɗinkin labule, tana so ta kama shagon can. Yau kada ku rufe ido. Ku buɗe shi sosai, ku gaya mini abin da zai iya samunta."

Kai, yaran nan sun koyi karatu! Hannuwa suka tashi ta ko'ina. Wannan ya ce gobara, ai yadi da wuta ba sa shiri. Waccan ta ce danshi, shagon da ya daɗe a rufe zai ruɓar da kaya. Wani ya ce manyan kantuna suna kawo labule ɗinkakke da araha, wa zai tsaya jiran tela? Aka ce mai shago zai ƙara haya, aka ce ɓarayi, aka ce in ta kwanta ciwo wa zai buɗe? Malam yana rubutawa a allo, alli yana ƙarewa a hannunsa. Kafin a kai rabin darasi sun ƙone shagon, sun jiƙa shi, sun sace abin da ya rage.

Sai Dogo, wanda yake zama a baya don kada ya tare wa mutane allo, ya miƙe ya goya hannu a baya, ya karkata kai yadda Malam yake yi, ya sassauta murya ya ce, "Saboda haka, a bari tukuna."

Aji ya fashe da dariya. Ashe ko a nan ma yana faɗinta bai sani ba. Malam ya yi ƙoƙarin murmushi, abin ya ƙi. Bai taɓa jin kalmar daga waje ba. Ashe haka take da sanyi, haka take rufe baki. Wannan ita ce kalmar da matarsa take ji tun tana da ƙarfin ido. Ya samu abin da ya zo nema, allo cike, amma kunya ce ta rufe shi tun daga kai har ƙafa.

Ya juya ya dubi taga. Rana ta kwanta a jikin koriyar ƙofar, iska tana wasa da tawul ɗin mai aski. Ba da niyya ba idonsa ya rufe, don ya saba. Ya ɗaga ƙofar a zuci kamar kullum. A duk shekarun nan kaya yake gani a ciki, kantoci da madubi da benci, bai taɓa ganin mutum ba. Yau babu kaya ko ɗaya. Matarsa kaɗai ce a tsakiyar ɗakin, ta ɗaga allura wajen haske, zaren yana wucewa ta gefe.

Ya buɗe ido. "To," ya ce, "duk ajin nan babu mai ganin za ta iya?"

Sai yarinyar da ke zama a gaba, wadda suke kira Sarkin Tambaya, ta ɗaga hannu.

"Malam, da akwai mai taya ta, da abin da sauƙi. In ta yi ciwo ya buɗe mata, in kasuwa ta yi sanyi ya riƙe ta har ta farfaɗo. Amma ai ba ka ce tana da kowa ba."

Ita dai tambayar da aka ba ta ta amsa, har tana duban allo ko ta tsallake wani abu. Malam ya ajiye guntun allin a kan tebur a hankali.

"Tana da shi," ya ce. "Ni ne na manta ban sa shi a tambayar ba. Ku kwafe abin da ke allo, ina zuwa."

Ta taga suka gan shi ya fita ƙofar makaranta, ya tsallaka titi ko mota bai duba ba, bayan rigarsa duk alli. Tsohon mai makulli ya saurare shi har ya gama, ya ce ai ya ɗauka matar ba ta da miji a gari. Da aka zo buɗewa kuma sai aka nemi makullin kwaɗon aka rasa. Mutumin da ya yanka wa rabin unguwa makulli, nasa ya ɓata tun shekarun baya. Da zarto aka yanke kwaɗon, mai aski yana tsaye yana ta tsiya.

Sharaɗi ɗaya uwargida ta kafa masa: kada ya leƙa sai ta gama. Makonni ya yi yana koyarwa da rabin hankali, yana hango masu fenti da kafinta suna shiga ta ƙarƙashin ƙofar da aka ɗaga rabi. Ya yi kewar shagonsa ƙwarai, ba zai ɓoye ba. In ya ce "A ce kuna da shago," sai hannunsa ya tashi zai nuna taga, ya dawo da shi aljihu.

Rannan ana tsakiyar darasin ƙarshe sai ƙarar ƙarfe ta cika titi. Ƙofar ta naɗe har sama. Iska ta shiga, labulaye suka kumbura suka leƙo waje, fari da ruwan zuma da ja, suna tashi suna sauka. Babu wanda ya ƙara duban allo.

"Ku tashi," in ji Malam. "Yau darasin a tsallake yake."

Shi ya fara shiga. Kansa ya taɓa wani abu, sai ya ji ƙilin, 'yar ƙararrawa a bakin ƙofa. Ya ɗaga ido, bango shuɗi mai haske. Ga dogon benci a gefe don masu jira. Har madubi akwai, an jingine shi a ƙasa, duk da babu abin da mai sayen labule zai yi da kallon ƙafarsa. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin yana juyawa, yara suna turereniya a bayansa.

"Wannan ai na 'yan shekarar littattafai ne," ya ce a hankali, yana shafa bencin. "Wannan kuma..."

"Kana tsammani keke ne kawai yake da kunne a gidan nan?" in ji matarsa daga bayan keken ɗinkinta. Ta dubi yaran. "Ku zauna, 'ya'yana, bencin naku ne. Kai dogon nan, sunkuya kada ka tsinke mini ƙararrawa."

Sannan ta ɗauki allura da zare ta miƙa wa mijinta.

"Tunda ka zo, Malam, zura mini wannan. Akwai aikin da za a karɓa da yamma."

Ya goge allin hannunsa a jikin riga, ya karɓa, ya matsa bakin ƙofa inda haske yake. Kafar allurar tana ta rawa, don idonsa ya ciko da ruwa. Aji guda yana kallonsa, ita kuma ta ɗora ƙafa a kan keke tana jira. Ya sa bayan hannu ya share idon, ya lasa bakin zaren, ya sake kaiwa.