Duwatsun Kabarin Na'ibi

Duk tsibirin nan inuwa ɗaya ce ta kirki, ita ce ta kurnar da Mastura ta shuka. Sauran wurin yashi ne da gishiri, sai tsofaffin rumfunan kwano na zamanin da ake killace alhazai a nan kafin a bar su su shiga Jidda. Tun da aka mayar da karantina cikin gari, ba wanda ya rage sai ita da mijinta Haladu mai gadi, da wasu awaki marasa kunya da suka koyi cin kan kifi. Ruwan sha a garwa yake zuwa cikin kwalekwale, kuma kowace garwa sai Mastura ta cire wa kurna rabonta. Haladu ya yi mita har ya gaji ya bari, don a gindin bishiyar nan ubanta Na'ibi yake kwance, an kewaye shi da fararen duwatsun teku.

Na'ibi da ƙafa ya taso daga ƙasar Kano. Ya yi shekaru yana tsinkar auduga a Sudan, ya haye Bahar Maliya, zazzaɓi ya ɗauke shi a nan yana hango gine-ginen Jidda, bai ga Ka'aba ba. Matarsa ba ta daɗe ba ta bi shi. Aka bar Mastura da ƙaninta Usuman, ita ta goya shi, ita ta yi ta suyar ƙosai a lungunan unguwar Hindawiyya cikin Jidda har ya yi karatu.

Karatun kuwa ya karɓe shi. Usuman ya koma Othman, akawu a kantin yadi a Sharafiyya, Larabci a bakinsa kamar da shi aka yanke masa cibiya. Da yake a hanya aka haife shi, ba a yi masa zane a fuska irin nata ba, sai ya sami damar sayen sabon uba: wai mai jirgin ruwa ne daga Yanbu, teku ta ci shi. Da wannan uban ya auri Zakiya, 'yar maigidansa Abdulghaffar.

Ranar bikin Mastura ta je da fanteka cike da alkaki a kai, ta sha lalle, ta ɗaura zanenta na ƙasan akwati. Uwar amarya ta tambayi ango ko wace ce wannan. A gaban Mastura, ido cikin ido, ya ce Takruniya ce, wato baƙar fata daga Afirka ta Yamma, da ta yi masa raino yana ƙarami, kirki ne da ita, a nuna mata ƙofar madafi. Aka nuna mata. Ta wanke tukwane har aka watse, ba ta yi kuka ba, amma tun daga ranar abin ya zauna mata a ƙirji. Ta tsane shi, kuma ba ta ɓoye wa kanta ba. Ko a sallah in ta zo addu'a, takan tsallake sunansa.

Ana sauran kwanaki ƙaramar Sallah, Haladu ya dawo daga kasuwar kifi yana sosa ƙeya. Ya ce Usuman ya tare shi. Wai Abdulghaffar ne ya dage bana a tsibiri za su yi yawon Sallah kamar yadda mutanen gari suka fara yi, shi kuma ba shi da dalilin hanawa da zai iya faɗa. Yana roƙon a dafa musu shinkafa da kifi, kuma don Allah kada a yi masa Hausa.

Mastura ta ce to. Yadda ta faɗe ta ne ya sa Haladu ya ƙi cin abinci sosai da buɗa-baki ranar.

Da safen Sallah, bayan ta yi wa uban addu'a kamar kowace shekara, sai ta durƙusa ta fara tsince duwatsun tana zubawa a kwando. Haladu ya tsaya a kanta ya ce ta ji tsoron Allah, mamaci ba abin wasa ba ne. Ta ce ita ba ta sa kowa zama ko'ina ba, shara kawai take yi, mai uba ai ya san inda ubansa yake. Ta kai kwandon bayan rumfa, ta dawo da tsintsiya ta baje tudun, ta yayyafa ruwa har wurin ya yi lumui. Ta san rabon Usuman da nan tun kurnar ba ta kai gwiwarsa ba.

Washegari jirage suka yi ta isowa. Tsibirin da ya saba da kukan tsuntsayen teku ya cika da yara masu sababbin kaya, da rediyo, da ƙamshin gahawa. Samari suna faɗawa ruwa, mata suna tsoma ƙafa suna dariya, awakin Haladu suna bin kowace tabarma suna barka da Sallah irin tasu. Kowa ya nufi rumfunan kwano, waɗanda suka saba zuwa kuwa sun san ba a zama gindin kurna.

Usuman ya sauko daga jirgi mai inji cikin farar jallabiya, darduma a kafaɗa. Ya saci kallon can ƙarshen tsibirin inda yake zaton kaburbura suke, ya yi maza ya kau da kai. Sai ya hango inuwa a share tas, ba kowa. Ya ce yalla, ga wurin da ya fi ko'ina. Da hannunsa ya shimfiɗa dardumar, ya zaunar da surukinsa, ya jera wa Zakiya matasai, shi kuma ya kishingiɗa a tsakiya.

Mastura tana kallo daga murhu, rabi daɗi rabi tsoro. Ba ta yi gaggawa ba. Ta soya albasa har ta yi baƙi yadda mutanen Jidda ke so, ta jera kifin a kan shinkafa, ta ɗauko faranti. Ta iske shi yana nuna teku da hannu, yana ba su labarin yadda ubansa yake ratsa nan da jirginsa zuwa Yanbu. Ta ajiye farantin, ta miƙe, ta ce da Hausa, ba tare da ta ɗaga murya ba:

"Usuman, a kan Baba kake zaune."

Ko maciji ne ya sare shi bai yi irin wannan zabura ba. Ya yi tsalle ya dira a rana ba takalmi, ya ture butar shayi, yana salati. Da ya yi haƙuri na ɗan lokaci, da ya iya tambayar me baiwar Allah take cewa. Amma jikinsa ya riga ya amsa, kowa ya gani.

Abdulghaffar ya dube shi, ya dubi matar, ya tambaye ta me ta faɗa. Ta maimaita masa da Larabcinta na 'yan ƙosai, ta ƙara da cewa wannan da ya aura wa 'yarsa ƙaninta ne ciki ɗaya, ubansu kuma bai taɓa mallakar ko kwalekwale ba, ga shi nan ƙarƙashin dardumarsu.

Tsohon ya tashi da ƙyar, ya sa aka naɗe shimfiɗar, aka janye farantin. Ya fuskanci wurin ya ɗaga hannu zai yi addu'a, sannan ya juya ga surukinsa ya ce ya faɗa masa sunan mamacin. Mutanen rumfuna sun matso, har an kashe rediyo.

"Na'ibi," in ji Usuman. Sai da aka sa ya sake faɗa da ƙarfi.

Da aka shafa, Abdulghaffar ya ce shi ba ruwansa da inda mutum ya fito, duk wanda ke Jidda daga wani wuri kakansa ya zo. Amma wanda ya iya ɓoye ubansa, bai san abin da ba zai iya ɓoyewa ba. Ya kama hannun 'yarsa. Zakiya ta ja mayafi ta rufe fuska, ba ta dubi mijinta ba har suka shiga jirgi. Ba wanda ya ce masa ya zo, shi ma bai bi su ba.

Mastura ta ji sanyi a ranta, sanyin da ta daɗe tana jira, kuma ba ta ji kunyar jinsa ba. Ta je bayan rumfa ta jawo kwandon duwatsu. Tana dawowa ta ga Usuman ya sunkuya ya ɗauki babba daga ciki, ya rungume shi a kan farar jallabiyarsa.

"Yaya," ya ce, da Hausarsa ta Hindawiyya da ta yi tsatsa, "a ina zan ajiye?"

Ta dubi gindin kurnar. Sawun ƙafafu ko'ina, ga jiƙon shayi, ga ƙwayoyin shinkafa da akuya ta riga ta fara bi. Tudun da take gane wurin da shi ita ta baje shi jiya da hannunta, kuma ta yi sharar da kyau. Ta nemi inda kan yake farawa, ta nemi inda ƙafafu suke ƙarewa, yashin duk iri ɗaya ne. Haladu yana tsaye daga nesa, ya gane, ya sunkuyar da kai.

Ba za ta faɗa wa Usuman ba ta sani ba. Ta durƙusa ta fara lalubar yashin da tafin hannu, idonta ya cika.

"Riƙe shi," ta ce. "Kai dai ka riƙe shi tukuna."

Ya tsaya a rana da dutsen a ƙirji, ita kuma tana ta lalube.