Ranar da na sa takalmin manaja

Shekara goma sha bakwai ina aiki a wani kamfanin jima a Challawa. Ruwan maganin da muke jiƙa fatu a ciki cin ƙafa yake yi. Takalmin robana ya yi wata shida da hujewa, har tafin ƙafata ya fara tsagewa. Duk sanda na sami manajanmu, Malam Sadiq, sai ya kaɗa makullin mota ya ce, “Za mu duba, Alhassan.”

Wata Laraba aka tara mu a sashenmu. Wai an ɗauko wata malama, Hafsat, ta koya mana wasan kwaikwayon da ba a shirya masa, don kanmu ya buɗe. Na ce da Samson, abokin aikina, “Ni dai ƙafata ta riga ta buɗe.”

Dokarta ɗaya ce: duk abin da abokin wasanka ya kawo, babu a'a. Ka amsa, ka ƙara naka.

Ta ce manaja ya zama lebura, wani ya zama manaja. Kowa ya sunkuyar da kai. Ni na ɗaga hannu.

Na dubi Malam Sadiq na ce, “Ranka ya daɗe, lebura ba ya sa irin wannan takalmin. Mu yi musaya.”

Ya kalli malama. Ta ce, “Babu a'a, yallaɓai.”

Ya cire, ya zura nawa. Na ce, “Kai sabon lebura, je ka kwaso fatun can.”

Taku uku ya yi a ruwan ya tsaya, ƙafa ɗaya a sama.

“Alhassan, ruwa na shiga!”

“Manaja za ka ce.”

“Manaja, ina son sabon takalmi.”

Samson ya yi ihu, “Oga, ka ce masa za mu duba!”

Wallahi na so. Amma doka doka ce. Na ce, “Na ba ka. Kuma har da duk 'yan sashen nan, kafin Juma'a.”

Malama ta juya gare shi. “Saura kai, ƙara naka.”

Ya dubi hannuwansa ya ce, “Da safar hannu.”

Aka yi ta tafi. Da aka tashi ya matso kusa da ni, ƙasa-ƙasa ya ce in ba shi takalminsa. Na ce, “Za mu duba.”

Da silifas ɗin maigadi ya shiga mota. Washegari da hantsi sabbin takalma suka iso. Na goge nasa tsaf na kai masa ofis. Dama matse ni yake yi.