Jirgin Da Ya Ƙi Juyowa

Shekara talatin da huɗu mijina ya yi yana aikin lantarki, har unguwa ta manta sunansa, kowa Mai Wuta yake ce masa. Da ya yi ritaya sai ya samu kujera a bakin ƙofa ya zauna, zaman kuma ya fara cin sa. Mutumin da a da sai na roƙe shi ya yi shiru, ya koma in ka gaishe shi hannu kawai zai ɗaga. Ni tela ce, kekena yana ɗakin baya. Ina ɗinki ina leƙensa ta taga, abin yana damuna ƙwarai, ga shi ba ciwo yake yi ba balle in kai shi asibiti.

Autarmu ce ta aiko masa da jirgin ƙasa na wasa, irin mai tafiya da lantarki. Kai ɗaya, tarago huɗu, ƙarafan layi cike da kwali, da wani ɗan taransifoma mai abin murɗawa. Na ce a raina yarinyar nan ta raina ubanta. Ashe ta fi ni saninsa. Kafin mako ya zagayo ya cinye rabin ɗakin ɗinkina, ya ɗora tsohon ƙyaure a kan benci biyu, ya shimfiɗa layi a kai. Baki ya buɗe, ni ce kuma mai shan karatu.

"Kin ga, Tela, ƙarfe biyu ne. Jar waya ga wannan, baƙa ga wancan. Wuta ta hau ta ƙafar dama, ta sauka ta hagu. Muddin ba su taɓa juna ba, lafiya lau."

"Na ji, Malam. Ɗaga ƙafarka, ka taka min yadin mutane."

Ƙorafi nake a baki, amma Allah ya sani daɗi nake ji. Ya koma cin abinci da kyau, har waƙa yake yi in yana fere waya.

Matsalar ta zo ne ranar da ya gaji da ganin jirgin yana zuwa ƙarshen layi yana dawowa da baya. Ya ce jirgi mai mutunci da fuska yake dawowa gida. Sai ya lanƙwasa ƙarshen layin ya zagayo ya sake haɗuwa da kansa, kamar kafar allura, don jirgi ya shiga ya juyo. Yana haɗa guntun ƙarshe ya kunna, taransifoma ya yi gurnani, wata 'yar jar fitila ta kama, komai ya tsaya cik.

Kwana uku yana fama. Ya gwada soket, akwai wuta. Ya buɗe fulogi ya duba fis, ƙalau. Ya cire wayoyin daga layi ya sa mita a bakin taransifoma, allura ta tashi daidai inda ya kamata. Da ya mayar da wayoyin, jar fitila ta sake kamawa. Ya ce to, wani abu ne ya kwanta a tsakanin ƙarafan biyu. Nan ya juyo kaina.

"Fil ɗinki ne. Ko'ina kin watsa fil."

"Ikon Allah. Ɗakina ka shigo ka same ni, yanzu kuma ni ce mai laifi?"

Ya bi layin da maganaɗisu taku-taku. Fil biyu ya samo, kuma duka a ƙasa suke, ba a kan layi ba. Na dai yi tari. Ya goge ƙarafa, ya ɗaga jirgin daga layi gaba ɗaya, ya canja wayoyi sababbi. Fitilar nan ba ta fasa ba.

Rana ta uku da hantsi ya ajiye sukudireba a hankali. Da ma jifa ya yi da ita, da hankalina ya fi kwanciya.

"Tela, kan ne ya tafi," ya ce. "Na haɗa wutar bene mai hawa shida, yau abin wasan yara ya gagare ni. Gobe zan mayar da shi kwali."

Ya fita, na ji jan kujera a bakin ƙofa. Na san in kwalin nan ya rufu, bakinsa ma ya rufu ke nan.

Ni ban san lantarki ba. Abin da na sani shi ne, in riga ta ƙi zama a jiki, ba a tsayawa kallonta gaba ɗaya. Ɗinki ɗaya ake kamawa a bi shi daga farko har ƙarshe. Na ɗauki allin da nake zana yadi, na sa shi a gindin ƙarfen da jar waya take, na fara jan layi a kan katako ina bin gefensa. Na bi shi miƙe, na shiga zagayen, na kewayo, ban ɗaga hannu ba. Da na fito, sai ga allina a gindin baƙar waya. Na ce ko na yi tsallake ne, na goge na sake. Nan ya sake kawo ni.

Na leƙa ta taga. "Malam, zo ka raba ni da wani abu. Na bi ja, na ɓulla a baƙi."

Ya shigo yana jan ƙafa. Ya sa yatsa a kan zanen ya bi shi har ƙarshe, ya tsaya. Can sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa har da riƙe benci.

"Ni da hannuna na ɗaura musu aure," ya ce. "Ƙarfen dama in ya zagayo ai hagu yake komawa. Ina ta neman ɓarawo a waje, ashe yana cikin gida. Miƙo min ƙaramin zarto."

"Yanka za ka yi? Bayan duk wahalar haɗawa?"

"Ke da kike yanka sabon yadi kullum?"

Wuri huɗu ya yanka, ƙarfe biyu a mashiga, biyu a mafita, ya cusa 'yar roba a kowane tsagi don kada su sake haɗuwa. Zagayen ya ja masa wayarsa daban daga taransifoma. Sannan ya tono wani tsohon makunni mai ƙafa shida a akwatin aikinsa, ya gicciya wayoyi a bayansa, ni ina riƙe masa da filaya yana ɗiga dalma. Ya yi min bayani: in jirgi ya shiga zagaye, sai a danna makunnin, wutar babban layi ta juya, ja ya koma baƙi, jirgi ya fito ya tarar da hanya daidai da shi. In ba a danna ba, yana zuwa tsagin zai tsaya.

Na shiga kicin na ɗora tukunya. Da na dawo bayan azahar, na tarar ya ja waya ta bi gindin bango, ta kewaye bayan kabad, ta hau teburin kekena. Makunnin yana ɗaure da kusa biyu, daidai inda hannuna na dama yake sauka.

"Malam, ai wajenka ya fi kusa. Taku ɗaya ne daga taransifoma."

"Na auna."

"To in ina tsakiyar ɗinki fa? Ko na tafi kai wa mutane kaya?"

Bai kalle ni ba. Ya murɗa abin murɗawa, jirgi ya tashi da taragunsa huɗu, ya miƙe, ya shiga zagayen ya fara kewayowa.

"Sai ya jira ki," ya ce.

Na goge hannuna a zani, na zauna, na danna.