Takalman Tanko a Bakin Ramin Tama

Bayan garin su Tanko, kan tudun da ke duban hanyar Buza, akwai tsoffin ramukan tama. Nan kakannin maƙera suke haƙo dutsen da ake narkewa a fid da ƙarfe, kafin ƙarfen mota ya zo ya kashe sana'ar. Doka guda suka bari, kowa ya san ta: mai shiga rami ya tuɓe takalmansa a baki. In an ga takalmi, ko tsakuwa ba a jefawa. In babu, to babu kowa ciki.

Da ramukan suka yi ta cin awakin mutane, gari ya ce a cike su da duwatsu. Tanko shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka taɓa shiga, kuma ƙarfen haƙa na ubansa yana can ƙasa tun shekarar da aka bar aikin. Ya rantse ba za a binne shi ba.

Da safen ranar da za a cike ramukan ya kira Surajo, ɗan ƙanensa. Tanko bai haihu ba, Surajo ne magajinsa. Yaron ya daɗe yana roƙon fadamar tsohon don ya dasa albasa, tsohon kuwa kullum amsarsa guda: sai bayan raina.

"Baba, mi za ka yi da ruɓaɓɓen ƙarhe?" in ji Surajo.

"Ban tambaye ka ba. Ɗaure igiya ga dutsen can, ka tsaya nan."

Ya tuɓe takalmansa, ya jera su, ya sauka da fitila a baki.

Ƙasa sanyi ne da warin kashin jemage. Ya taka ƙasusuwan akuya, ya rarrafa cikin lungun da ya yi gabas. Bango ja wur, duk sawun sara, sama kuma baƙin hayaƙin fitilun da suka mutu tuntuni. Ga guntun kwando, ya taɓa shi ya zama gari. Ga ginshiƙin da aka bari ya tallafi rufi, ya tsage tun daga gindi. Can ƙurya ya laluɓo ƙarfen. Gara ta cinye ƙotar, tsatsa ta hau shi, amma nauyin nan yana nan. Ya rungume shi a ƙirji ya zauna, har ya mance da kansa.

Rugugin kamyo, babbar motar kaya, ne ya tashe shi. Masu duwatsu sun iso. Bai damu ba, ai takalmansa na bisa. Ya rarrafo a hankali zuwa gindin ramin, ya miƙa hannu.

Babu igiya.

Ya ɗaga kai. Cikin ɗan hasken can sama ga kan Surajo, yana leƙowa. Suka haɗa ido.

"Surajo! Ɗana, sako igiya!"

Hayaƙin maƙera ya daɗe da cinye masa murya, kukan mota ya haɗiye sauran. Sai wani abu ya faɗo ya buge shi a kafaɗa. Wani ya biyo. Ya haska ƙasa. Takalmansa ne.

Ya ji muryar Mairamu, shugabar matan da suka tara duwatsun, tana ɗaga murya don ƙarar mota.

"Kai Surajo, ba tsohonku na hango ya yo nan da sahe ba?"

"Ya koma gida, Inna. Ƙahwa ta dame shi."

"Ka tabbata?"

"Ke ma duba mana. Kin ga takalmi?"

Tanko ya buga ƙarfen ubansa a bango, ya sake bugawa, jar ƙasa kawai ta zubo masa a ido.

"Babu," in ji Mairamu, ta juya ga direba. "Sofer, matso da baya!"

Wata ta yi guɗa. Tanko ya duƙa, ya kakkaɓe takalman, ya sa su ɗaya bayan ɗaya. Da ya sake ɗaga kai, gindin kamyo ya rufe hasken.