Rigar da Ke Kan Kujera

Mijina direban bas ne na wata makaranta, kuma tun da na san shi bai iya cewa a'a ba. Ko ruwan zafi ka miƙa masa da tsakar rana, zai karɓa ya shanye, ya ce ka kyauta. Ni kuwa duk layinmu an san bakina. Shi ya sa yake kirana Sarkin Faɗa, ni kuma nake ce masa Direba, ko muna shiri ko ba ma yi.

Ciwon ya fara ne da wasu ƙuraje masu ruwa da suka fito masa a jere, daga tsakiyar baya suka zagayo ta haƙarƙarin dama har ƙirji. Likita ta ce ƙarambau ɗin da ya yi tun yana yaro ne ya kwanta a jiki, sai yanzu ya farka. Ƙurajen suka bushe, tabon ma ya kusa ɓacewa, amma zafin ya ƙi tafiya. Ta ce jijiyar wurin ce ta taɓu, take ta kai ƙarar ciwo alhali ciwon ya wuce.

Na kalli fatar, sumul da ita. Na ce, "To likita, me ke nan za mu warkar?"

Ta ce irin wannan ba a saurin cewa za a warkar, lallaɓa shi ake yi har a samu abin da ya karɓi mutum. Akwai na sha, akwai na shafawa, akwai na mannawa, akwai allurar da ake yi kusa da jijiyar, har da wani likita da ake zama da shi a yi hira. Direba ya dube ni, na dube shi. Ciwo a haƙarƙari, magani kuma hira? Muka fito da kafso a leda da kai a ɗaure.

Abin da ya fi damunmu shi ne riga. Da ta goge shi a wurin sai ya zabura kamar an ɗora masa dutsen guga. Haka ya koma zaman falo da zani a kafaɗa ɗaya, mutumin da ko shara zai fitar sai ya ɓalla maɓalli har wuya. Ga shi bel ɗin mota ta daidai wurin yake bi. Kafson likita ya rage zafin, amma ya mayar da shi sarkin barci kamar kasa, sai ka gan shi yana gyangyaɗi da cokali a hannu. Shugabar makaranta ta yi mana kara, ta ce bas na jiransa har ƙarshen dogon hutu. In aka koma bai iya sa riga ba, ko idonsa bai buɗe ba, dole ta ɗauki wani, don ba za ta ba mai barci 'ya'yan mutane ba. Ban ga laifinta ba, amma na ji tsoro, don bas ɗin nan shi ne rufin asirinmu, kuma shi ne abin da yake tashi dominsa da safe.

Daga nan masu taimako suka sako mu gaba. Yayarsa ta kawo wani man shafawa da aka ce da barkono ake haɗa shi, zafi ya kori zafi. Babban ɗanmu da ke aiki a nesa ya aiko da wata 'yar na'ura mai batir da wayoyi biyu, a manna a fata ta riƙa tsikararsa. Mai kemis na bakin titi ya ba shi filasta mai sa wuri ya yi sanyi ya mutu. Direba ya karɓe su duka da hannu biyu. Haƙarƙarinsa ya zama kamar tasha, kowa da lokacin lodinsa: man Yaya da safe, na'ura da rana, filasta in zai fita.

Ni kuma da yamma, bayan an ci abinci, nakan ɗumama man zaitun in shafa masa a hankali da kan yatsuna, sama-sama, don kada in fama masa. Ranar farko na tambaye shi, tun da riga ma tana damunsa, ko hannuna na yi masa zafi.

Ya ce, "Ina. Hannunki daban ne."

Wata rana ina kicin na ji yana ce wa Yaya, "Ai man nan naki shi ne ya tashe ni." Ko awa ba a yi ba ɗanmu ya bugo waya, na ji yana cewa, "Na'urar nan taka ita ce maganin, Allah ya yi maka albarka." Na fito da ludayi a hannu na tsaya a kansa.

"Direba, kai wai wanne ne yake maka aiki?"

Ya rage murya kamar akwai mai jinmu. "Naki ne na gaskiya. Su ina faɗa musu ne don kada su ji ba daɗi."

Na ji daɗi har cikin raina. Na koma kicin ina 'yar waƙa.

Da hutu ya raba tsakiya ba riga ba buɗe ido, na tattara komai a jaka muka koma asibiti. Na zazzage su a teburin likita. Ta ɗaga wannan ta ajiye, ta ɗaga wancan, ta cire tabarau ta murza ido.

"Shi ke nan abin da ake sa masa?"

Na ce shi ke nan. Ban kawo zancen man zaitun ba, don ni a wurina ba magani ba ne, kula da miji ne. Direba ya tsura wa takalminsa ido.

Ta ce masa, "Malam, daga ɗaya zuwa goma, zafin nawa ne yau?"

"Da sauƙi."

"Lamba nake so."

"To likita, ki sa wadda ta yi miki."

Ta yi dariya, ni ban yi ba. Ta ce in ana so ya farka sai an rage kafso, kuma ba za ta rage ba sai ta san wanne ne cikin sauran yake riƙe da shi. Kada mu kuskura mu tsayar da kafson da kanmu. Sauran kuwa mu riƙa cire ɗaya, mu jira mu gani, sannan mu cire na gaba.

A baki abin ba wuya. Amma kowane magani a gidanmu da mai shi, kuma mai shi yana da zuciya. Ranar da na ce wa Yaya za a dakata da manta, ta ajiye kofin shayi ta gyara zama.

"Wato nawa ne bai yi ba."

"Yaya, ba a ce bai yi ba. Gwadawa ake yi."

"To a fara gwadawa da na wani mana. Shi da bakinsa ya ce nawa ne ya tashe shi. Ko ba haka ba, ƙanena?"

Direba ya ce, "Haka ne, Yaya." Ya juyo ya ga idona, ya ƙara da cewa, "Ita ma haka ne."

Tun da bakinsa ba abin dogaro ba ne, sai na samo ma'aunina. Kullum da safe na goge farar rigarsa ta aiki in rataye a kan kujerar falo. In ya sa, an samu ci gaba. In na dawo daga kasuwa na tarar da ita a inda na bar ta, to ba labari.

Muka cire man Yaya. Riga na kan kujera. Na tambaye shi, ya ce da sauƙi. Muka mayar da man muka cire na'ura, ɗanmu ya kwana biyu yana gaishe ni a daƙile. Riga na kan kujera. Muka cire filasta, wannan kam na ga ya fi yamutsa fuska, amma da na tambaya sai ya ce da sauƙi. Na rasa gane ko duka suna aiki ne, ko ba ko ɗaya da ke yi, ko wani na warware aikin wani. Har na fara zargin sabulun wanki, na canza shi. Na fara zargin fanka. Kaina ya yi zafi, na riƙa yi wa kowa faɗa, har da mai kawo mana ruwa da bai san hawa ba bai san sauka ba. Abu ɗaya da ban fasa ba shi ne shafawar yamma, don ina ganin ita ce ta hana abin ya fi haka lalacewa.

Ana cikin haka aka yi wa ƙanwata aiki a wani gari, dole na je jinya. Na bar masa kafso da filasta kawai, don su ne zai iya yi da kansa. Na tafi da fargabar abin da zan dawo in tarar, tun da ba mai shafa masa.

Da na dawo da hantsi, sai na ga kujera ba riga. Na ɗauka Yaya ce ta zo ta kwashe. Sai ga shi ya shigo daga waje da burodi a hannu, sanye da farar rigar nan, maɓalli har wuya.

Jakata ta faɗi. Na ce, "Direba, me ka sha?"

"Abin da kika bar mini."

"Wa ya zo gidan nan? Me aka kawo maka?"

"Ba wanda ya kawo komai."

Ban yarda ba. Na buga wa Yaya, ta ce tun da aka raina manta ba ta sake taka gidan ba. Na tsallaka wurin mai kemis, ya rantse filastar ce dai ta kullum. Na bincike ƙarƙashin gado da bayan firji ko ya ɓoye wani abu. Ban samu komai ba. Na haƙura, na ce ko ma mene ne, mun gode. Da yamma don murna na ɗumama mai fiye da kullum, na daɗe ina shafa masa, ina ba shi labarin asibitin ƙanwata.

Washegari riga ta koma kan kujera.

Na zauna a gabanta na rafka tagumi. Saura kaɗan a koma makaranta. Na lissafa abin da ya ci, inda ya zauna, ko ya ɗaga abu mai nauyi. Na ce ko burodin ne. Kunya nake ji in na tuna, amma har burodin na hana shi.

Da yammar ranar ya kwanta ta gefen hagu kamar kullum, ya ba ni baya. Ban gama kwashe kayan tafiyata ba, don haka ƙofar sif ɗin kaya a buɗe take, madubin jikinta ya juyo yana kallon gado. Na tsoma yatsu a mai na fara shafawa. Na ɗaga kai kawai, sai na ga fuskarsa a madubin. Ya cusa gefen filo a baki ya datse da haƙori, idonsa a runtse, hawaye na gangarowa ta kan karan hancinsa.

Ban tsaya ba tukuna. Na ce, "Yaya kake ji?"

Na ga ya saki filon, ya gyara murya. "Da sauƙi. Hannunki daban ne."

Na janye hannuna. Ya buɗe ido, muka haɗa ido a cikin madubin.

"Tun yaushe?"

Ya kawar da ido daga madubin.

"Direba, tun yaushe?"

"Tun ranar farko."

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba, kuma na rasa da wa zan yi faɗan. Na wulaƙanta man Yaya, na ɓata wa ɗana rai, na hana bawan Allah burodi, ashe ni ce. Na ce, "Kana da baki. Me ya hana ka ce in daina? Sai ka bari bas ɗin ya tafi?"

Ya tashi zaune da ƙyar, ya jawo zani ya rufe kafaɗa. Bai dube ni ba.

"Tun da ciwon nan ya zo kika koma can ƙarshen gado don kada ki fama mini. Jikokina in sun zo daga bakin ƙofa suke gaishe ni. Kowa kewaye ni yake yi kamar tukunya a kan wuta. Wannan ɗan lokacin ne kaɗai wani yake taɓa ni." Ya ja numfashi. "In na ce ki daina, shi ke nan. In na yi shiru, bas ya tafi. Na rasa wanda zan zaɓa, sai ban zaɓa ba."

Na zauna da hannu duk mai, ban san inda zan ajiye shi ba.

Da muka koma asibiti ni na faɗa wa likita da bakina. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce irin wannan jijiyar shafa sama-sama ta fi tayar mata da hankali, ko da auduga ce. Ta bar shi a kan filasta, ta fara rage kafson kaɗan-kaɗan, ta ce in abin ya motsa akwai sauran hanyoyi. Zafin bai tafi ba, har yau yana nan, wata rana ya kwanta wata rana ya tashi, kuma ban daina rasa gane dalili ba. Amma idonsa ya buɗe.

Ranar da aka koma makaranta ya shirya da sassafe, ya manna filasta, ya sa riga ya ɓalla maɓalli. Na rako shi bakin ƙofa hannuwana a baya, ina tafe ina kaucewa kada ko gefen mayafina ya goge shi. Ya tsaya ya dube ni. Sai ya miƙo hannu ya kamo nawa, ya ɗora a haƙarƙarinsa na hagu, ya danne da nasa.

Ya ce, "Sarkin Faɗa, wannan gefen fa lafiyarsa ƙalau. Tun farko lafiyarsa ƙalau."

Na bar hannuna a wurin har ya kusa makara.